Sunayen da Tantabara Ta Ɗauko

Ban da wanka da sutura da salla, waɗanda aka yi masa a kan lokaci, Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya, hakki biyu ne surukina yake da su a wuyan jama'armu ta Kuala Lumpur. Na farko, a faɗi gaskiyar ko shi wane ne bayan ransa. Na biyu, a mayar masa da littafin da aka ara a hannunsa. Ba a sauke ko ɗaya ba. Ni matar ɗansa ce, a gidanmu ya yi shekarunsa uku na ƙarshe, kuma kafin in biyo maigidana ƙasar nan rajistara ce ni a kotu. Aikin ya koya mini cewa kuskuren da aka yi shiru a kansa shi ne yake zama tarihi. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Baba, kamar yadda nake kiran surukina, ya rasu ranar Talata da hantsi. Kafin azahar sanarwa ta zagaye wayoyin mutane daga shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna nan, wai Allah ya yi wa Kyaftin, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, rasuwa. Babu wanda ya tambayi ɗansa, balle ni. Da muka zauna karɓar gaisuwa a zauren da ke ƙasan beninmu a Bukit Jalil, labule ne kawai tsakanin maza da mata, don haka ina jin komai. Wani ɗalibi mai neman digiri na uku ya ce wa na kusa da shi, "Ashe tsohon nan ya yi luguden wuta a zamaninsa, ga shi shiru-shiru." Ɗayan ya ce, "Irinsu ba sa faɗa. Daga tafiyarsa ma ka san babban hafsa ne." Wata baiwar Allah ta riƙe hannuna tana cewa in yi haƙuri, mun yi rashin Kyaftin guda. A cikin duk waɗanda suka zo, mutum ɗaya ne ya kira shi da sunan aikinsa. Maƙwabcinmu ne, wani dattijo ɗan ƙasa wanda Baba ya sha gyara wa babur. Ya ajiye tiren abinci a bakin ƙofa, ya dafa ƙirji, ya ce da yarensu, "Mekanik baik." Wato bakanike na kirki. Ba ya jin Hausa, bai karanta sanarwar ba, shi ya sa bai yi kuskure ba.

Ina so a rubuta, kuma a karanta: Baba bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa zama Kyaftin ba, bai jefa komai a kan kowa ba. Saje ne, bakanike, kuma jirgin da ya yi wa hidima a yaƙin basasa ba shi da bindiga ko ɗaya.

Ƙaramin jirgi ne ƙirar Jamus, injinsa ɗaya, farfela ɗaya a hanci, fukafukansa a sama kamar rumfa domin na ciki ya ga ƙasa sosai. Aikinsa kai saƙo daga wannan runduna zuwa waccan, da ɗaukar hafsa idan hanya ta yanke, da leƙo inda gada ta karye ko inda aka datse titi. Filin ƙwallon makaranta ya ishe shi sauka. Sojoji suka sa masa Tantabara, saboda da takarda yake tafiya, da takarda yake dawowa. Manyan jirage masu aman wuta su ake bai wa labari, su ake ɗauka hoto. Tantabara kuwa, in ji Baba, ko a filin jirgi can gefe ake ajiye ta, kusa da gangunan mai. Amma idan ta sauke saƙo ba ta komawa fayau. Sai a cire kujerar baya, a shimfiɗa wanda ya ji rauni, Baba ya zauna a ƙasa ya ɗora kan mutumin a cinyarsa har su isa inda likita yake.

A nan littafin ya samo asali. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, sai ya kafa kunnensa a bakin mai raunin ya yi masa tambaya uku: sunanka, sunan mahaifinka, garinku. Ya rubuta da fensir a wani littafi mai baƙin bango, da ajami, domin shi ne rubutun da hannunsa ya saba da shi tun makarantar allo. Turancinsa na sunayen ƙarafa ne da awon mai. A ƙarshen kowane layi yana yin alama: da'ira idan mutumin ya sauka da ransa, jan layi idan a sama ya cika. Babu wanda ya sa shi. Ya ce mini ya ga yadda ake sauke gawa a rubuta lamba kawai, idan ma an rubuta, shi kuwa ya san lamba ba ta da uwa a gida. Har wani saurayi na ɗaya ɓangaren da aka kama da rauni ya shiga littafin, sunansa na Ibo da haruffan ajami, yadda kunnen Baba ya ji shi. Wani hafsa ya ce masa wannan ba namu ba ne. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin bai tambayi ɓangarensa ba, nauyinsa kawai ya sani."

Bayan yaƙi aka jingine Tantabara a gefen wani fili. Da ya koma ganinta bayan shekaru, awaki ne suke shan inuwa a ƙarƙashin fiffikenta guda, ɗayan kuwa masu ƙera tukwane sun riga sun yanke. Shi ma aka sallame shi, ya koma gyaran injin niƙa da janareta a Kaduna. Iya garuruwan da ƙafarsa ta kai, ya je ya nemi gidajen masu jan layi ya gaya musu ranar da ɗansu ya cika da abin da ya faɗa. Sauran suka zauna a littafi suna jira.

Mun kawo shi nan ne saboda ciwon zuciya, amma halin bakanike bai bar shi ba. A bakin aiki, kowace safiya yakan tsiyayi man jirgi a kwalba ya ɗaga ta ga hasken rana, ya duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Har ya rasu haka yake yi wa kofin shayi a shagon mamak, wato wajen masu shayin ƙasar nan, ya ɗaga ya leƙa kafin ya kurɓa. Ba ya shiga motar haya sai ya zagaya ta ya dudduba tayoyi. Wata rana za mu Jalan Masjid India sayen yadi, direban ya gaji da jira ya leƙo yana cewa, "Boleh, boleh," wato babu matsala. Baba ya nuna tayar baya ya ce da Hausa, "Boleh ɗin nan ba ta hura taya." Sai da aka biya gidan mai aka ƙara iska. Ni kuwa Malama Rajistara yake kirana, don ya ga ina ajiye takardun asibitinsa a fayil bisa kwanan wata. Yakan ce, "Ni da ke ne kawai masu hankali a gidan nan, sauran duk daktoci ne."

Sau ɗaya na ga ya yi wa ɗansa faɗa a gaban mutane. Maigidana yana koyarwa a jami'ar da ke Jalan Semarak, sai wani abokin aikinsa ɗan ƙasa ya kai mu wani gidan tarihi inda aka jera tsofaffin jiragen soja. Baba ya wuce manyan ko kallo bai yi musu ba, ya tsaya a gaban wani ƙarami mai fukafukai a sama, wanda aka ce ya yi leƙen daji a ƙasar nan a zamanin da. Ba irin Tantabara ba ne sak, amma ɗan uwanta ne a aiki. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin injin, ya shafa ƙasa da yatsa ya duba ko mai yana ɗiga, jirgin da ya yi shekaru bai tashi ba. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe ya ce, "Su sun yi wa tasu rumfa."

Abokin ya tambayi maigidana ko mahaifinsa ya san jiragen nan. Maigidana ya amsa da Turanci cewa ai matuƙi ne a da. Baba ya ji kalmar. Ya juyo ya buga ƙirjinsa ya ce wa baƙon, "Mekanik." Sannan ya ce wa ɗansa, "Kunyar aikina kake ji? Da sifana na biya maka makaranta. Matuƙin da na yi aiki da shi yana da 'ya'yansa, su za su yi alfahari da shi. Kai ɗan bakanike ne, ka riƙe abinka." Maigidana bai sake ba. Shi ya sa ranar rasuwa, da ya ga sanarwar ƙungiya, ya ajiye wayar ya shiga ɗaki.

Yanzu ga yadda littafin ya bar gidanmu. Bara, da bikin ranar 'yancin kan Nijeriya ya matso, ƙungiya ta shirya baje kolin al'adu. Shugaban ƙungiyar, wanda Dakta ne kuma abokin maigidana, ya zo har falo ya roƙi Baba aron littafin na kwana biyu, don yaranmu da ake haifa a nan su ga tarihi. Da farko Baba bai so ba. Maganar yaran ce ta karya masa zuciya. Ya ɗauko shi daga jakar da yake ajiye shi tare da fasfo, ya miƙa da hannu biyu. Ni kuwa na yago takarda na rubuta cewa an karɓi littafi ɗaya mai baƙin bango, rubutun ajami, za a dawo da shi bayan kwana biyu, na ce shugaba ya sa hannu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Madam, kotu muka zo?" Maigidana ya harare ni. Baba ya ce, "Sa mata hannu, Dakta. Ba ta cizo." Ya sa. Takardar tana wurina.

A wurin bikin na tarar da littafin a kan tebur tsakanin ƙwarya da mafici, an jingina masa kati da Turanci cewa tsohon littafin addu'o'i ne daga Arewacin Nijeriya. Na nemi shugaba na ce masa wannan ba daidai ba ne. Ya ce baƙi sun riga sun shigo, kuma ai duk rubutun Larabci ne. A zauren nan akwai masu digiri na uku da ba sa ƙirguwa da yatsun hannu ɗaya, Hausawa 'ya'yan Hausawa, babu wanda ya buɗe shafi ya ga cewa harshen uwarsa ne a ciki. Aka tashi biki, aka kwashe kaya a kwalaye zuwa ɗakin ajiyar ƙungiya. Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata.

Ana cikin haka mahaifiyar maƙwabciyarmu ta zo daga Nguru yi wa 'yarta wankan jego. Hajiya muke kiranta. Ta shigo gaida Baba, hira ta kai ga yaƙi, sai ta ce yayanta ya shiga soja tana yarinya, bai dawo ba, kuma ba a taɓa aiko musu da ko takarda ba. An ce an gan shi an ɗauke shi a ƙaramin jirgi da rauni, daga nan labari ya yanke. Mahaifiyarsu ta rasu ba ta yarda a yi masa sadaka ba, tana cewa ba a yi wa mai rai. Hajiya ta faɗi sunansa da na mahaifinsu. Baba ya rufe ido ya ce, "Nguru na rubuta ta sau biyu. Ɗaya da'ira, ɗaya jan layi. Sunan nan kamar na san shi, amma ba zan gaya miki da ka ba."

Ta ce, "Malam, ko zato ne ka faɗa mini. Na tsufa."

Ya ce, "Hajiya, idan na yi zato na kashe miki mai rai, ko na rayar miki da matacce, wa zai gyara? Ki bari littafina ya dawo. Layi ɗaya ne, zan karanta miki."

Daga ranar ya tashi haiƙan neman abinsa. Sau huɗu ya tambaya, na rubuta kowanne. Na farko aka ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya tafi gida hutu. Na biyu aka ce ana jarrabawa. Na uku Baba da kansa ya hau jirgin ƙasa, da zuciyar da likita ya hana ta hawa bene, ya je har ofishin shugaba. Ya dawo yana haki ya ce mini, "An ba ni shayi. An ce yana nan lafiya." Na huɗu a gadon asibiti ne, shugaba ya zo dubiya da ledar lemo. Baba ya cire abin numfashi ya ce, "Dakta, littafina." Shugaba ya ce, "In sha Allahu Baba, kana fitowa." Hajiya ta gama kwanakinta ta koma Nguru. Baba bai fito ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni a kan littafin ita ce, "Malama Rajistara, matar nan tana jira."

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki takardata na tafi gidan sakataren ƙungiya. Ba ya nan, matarsa ce ta karɓe ni. Da na kwatanta mata littafin sai fuskarta ta sauya. Ta ce watanni biyu da suka wuce an ce su matan su share ɗakin ajiya, domin laima ta lalata kaya. Ta tarar da shi a ƙasa, ƙarƙashin robobin cin abinci, bangon ya yi fumfuna, katin nan na addu'o'i yana maƙale a ciki. Hankalinta ya tashi ganin rubutu mai tsarki a wulaƙance. Ta je ta yi alwala, ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta kai shi surau, wato ɗan masallacin da ke beninsu, ta saka a akwatin da ake tara tsofaffin Alƙur'anai da suka yage. Tana kuka ta ce, "Wallahi Anti, girmamawa na yi."

Na yarda da ita, kuma ba na so a ɗora mata komai. A duk waɗanda littafin ya bi ta hannunsu bayan Baba, ita kaɗai ta ɗauke shi da hannu biyu. Abin da kati ya gaya mata ta bi. Laifin yana wurin waɗanda suka rubuta katin, aka gaya musu kuskure ne suka ƙi gyarawa, suka jefar da amana a ƙasa, sannan suka riƙa ce wa dattijo mai ciwon zuciya abinsa yana nan lafiya ba tare da sun je sun duba ba. Ni ma ina da nawa kason. Kakata ta koya mini ajami, littafin ya yi shekara biyu a gidana, kullum ina cewa zan zauna in kwafe shi idan na samu sarari. Ga shi yau ina da takardar shaidar littafi, ba ni da littafi.

Na je surau ɗin da ƙafata. Dattijon da ke kula da shi ya nuna mini akwatin, babu komai a ciki. Ya yi mini bayani, ɗan Malayancin da na iya da ɗan Turancinsa suka haɗu muka fahimci juna. A ƙasar nan ba a yar da irin waɗannan takardu. Ana kwashe su lokaci-lokaci a tara a wata ma'ajiya, idan sun yi yawa a ƙone su cikin ladabi, a zuba tokar a teku. Tsari ne mai kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Ya ce an kwashe nasu, amma bai san ko an kai ga ƙonawa ba, domin wani lokaci kaya sukan daɗe suna jiran layi. Ya ce ana iya nema, amma ba a buɗe wa mutum ɗaya ma'ajiya, sai da wasiƙa daga ƙungiya mai hatimi, kuma a yi sauri. Na kai wa shugaba wannan bayani a rubuce kwana tara da suka wuce. Amsar da na samu ita ce za a tattauna a taro na gaba.

Saboda haka, a madadin iyalan marigayi, kuma da sanin ɗansa da yardarsa, ina gabatar wa dattawan jama'armu da majalisar ƙungiya wannan buƙata. A rubuta wasiƙar nan mai hatimi a cikin makon da muke ciki, ba a taro na gaba ba, a ba ni in kai da kaina tare da namiji ɗaya da dattawa suka zaɓa, domin ni na san bangon littafin ko a cikin dubu. A kafa kwamiti na mutanen da ba su da hannu a bikin bara, ya binciki wanda ya rubuta katin, da wanda aka damƙa wa kwalayen, da dalilin da ya sa aka ce wa marigayi littafinsa yana nan alhali babu wanda ya duba, a karanta sakamakon a gaban jama'a. Sannan a janye sanarwar rasuwa, a fitar da wata ta hanyar da aka fitar da ta farko, a rubuta Saje, bakanike, kamar yadda ya kira kansa. Ba ma neman a hukunta kowa. Idan kuma an riga an ƙone littafin, a gaya mana a rubuce, da sa hannu, domin mu san abin da za mu faɗa wa masu jira.

Allah ya jiƙan Baba, ya sauke shi lafiya a masaukin da ba a tashi, ya haɗa shi da waɗanda suka cika a cinyarsa. Hajiya tana kirana daga Nguru kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Takan gaishe ni, ta yi wa Baba addu'a, sannan ta ce, "'Yata, an duba?" Jibi Juma'a ce.